Gargaɗin tsunami: me ya sa ƙasashe ke jan ƙafa wajen haɗa kai?

Ranar 30 ga Yulin 2025 ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 8.8 a ƙarƙashin tekun da ke gabashin yankin Kamcatka na Rasha. Cikin ɗan lokaci saƙon gargaɗi ya karaɗe Tekun Fasifik, daga Japan zuwa Hawai har Cile. A Japan kaɗai an umarci mutum kusan miliyan 2 su bar bakin teku. Ruwa ya shiga tashar jiragen ruwa ta garin Severo-Kurilsk, amma ya tarar mutane sun riga sun hau tudu. Duk wannan ya faru ne a lokacin da Rasha ba ta ga maciji da Amurka ko Japan.

Shi ya sa tambayar ta dawo bakin jama'a. In har gargaɗi zai iya ratsa iyakokin ƙasashen da ke gaba da juna haka, me ya sa masana ke ta kukan cewa siyasa na hana wasu ƙasashe shiga tsarin gargaɗin tsunami yadda ya kamata? Wace asara gwamnati za ta yi in ta ce wa maƙwabciyarta ga ruwa nan tafe?

Amsar a taƙaice ita ce, babu ƙasar da ke ƙin karɓar gargaɗi. Rigimar tana wurin bayarwa: wa zai buɗe na'urorinsa kowa ya leƙa, wa zai bari a dasa na'urar wani a ruwansa, a gidan wa za a ajiye cibiya, kuma wa ke da ikon cewa mutane su gudu. Girgizar Kamcatka ba ta gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Girgiza mai wannan girma, na'urorin duniya duka suna jin ta ba tare da izinin kowa ba, kuma ruwan ya ɗauki sa'o'i kafin ya isa ƙasashe masu nisa. Wannan ita ce jarrabawa mai sauƙi.

Yadda tsarin yake aiki

Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani ofishi guda a duniya, mai maɓalli, wanda in aka danna jiniya za ta kaɗa a duk gaɓar teku. Babu wannan ofishin.

Tsunami igiyar ruwa ce da ke tashi idan ƙasan teku ya ɗaga ko ya lotsa farat ɗaya. Yawanci girgizar ƙasa ce sanadi, wani lokaci zaftarewar ƙasa ko aman wutar dutse. A tsakiyar teku mai zurfi tana gudun kusan kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama, amma tsayinta kaɗan ne, har jirgin ruwa zai iya wucewa ta kanta bai ji ba. Sai ta kusanci gaɓa take rage gudu, ruwan ya taru ya yi tozo.

Na'urori iri uku ne ke sa ido a kanta. Akwai na'urar auna girgizar ƙasa, wadda ke faɗin inda aka girgiza da ƙarfin girgizar cikin 'yan mintuna, sai dai ba ta iya tabbatar da cewa igiya ta tashi. Akwai ma'aunin tashin ruwa da ake kafawa a tashoshin jiragen ruwa, wanda ke nuna ruwan ya fara hawa ko janyewa. Sannan akwai na'urar da ake ajiyewa can ƙasan teku tana auna nauyin ruwan da ke kanta, tana aika saƙo zuwa wata gorar ƙarfe da ke shawagi a sama, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. Irin ta Amurka ana kiran ta DART. Ita ce ke raba gardama, don ita ke ganin igiyar tun tana tsakiyar teku.

Duk waɗannan na'urori mallakin ƙasashe ne. Hukumar kula da harkokin teku ta UNESCO, wadda ake kira IOC, ita ke haɗa kan ƙasashen a yankuna huɗu: Fasifik, Tekun Indiya, Karibiyan, sai Bahar Rum da arewa maso gabashin Atlantika. A kowane yanki akwai cibiyoyi 'yan kaɗan da aka amince su riƙa tattara bayanai suna aika hasashe ga sauran. Amma hasashe kawai suke aikawa. Umarnin kwashe jama'a na gwamnatin kowace ƙasa ne. Ke nan tsarin na rayuwa ne da yardar gwamnatoci a farkonsa, inda bayanai ke shiga, da kuma ƙarshensa, inda umarni ke fita.

Bala'i ne ya riƙa tura ƙasashe, ba hangen nesa ba

Tarihin abin gajere ne, kuma kowane mataki gawarwaki ne suka jawo shi. A 1946 girgiza a tsibiran Aleutian na Alaska ta aika igiyar da ta kashe mutum 159 a Hawai, Amurka ta kafa cibiyar gargaɗinta a 1949. A 1960 girgizar Cile mai maki 9.5, mafi girma da aka taɓa aunawa, ta aika igiyar da ta kashe mutum 61 a garin Hilo na Hawai, ta kuma isa Japan bayan kusan awa 22 ta kashe fiye da 100. Wannan ya sa aka kafa tsarin haɗin gwiwa na Fasifik a 1965, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma Tarayyar Sobiyet da Amurka duk suna ciki.

Tekun Indiya kuwa aka bar shi haka, bisa tunanin cewa tsunami matsalar Fasifik ce. Ranar 26 ga Disamban 2004 girgiza mai maki 9.1 ta auku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Masu aiki a cibiyar Hawai sun gan ta cikin mintuna, amma da farko sun auna ta ƙasa da ainihin girmanta, ba su da gora ko ɗaya a wannan teku, ba su kuma da jerin ofisoshin da za su kira. Ruwan ya ci birnin Banda Aceh da ke Sumatra kafin rabin awa. Ya isa Siri Lanka da gabashin Indiya bayan kusan awa 2, ya isa Somaliya bayan kusan awa 7. Mutum kusan 230,000 suka mutu a ƙasashe 14.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Indiya da Siri Lanka ba sa cikin tsarin Fasifik a lokacin, kuma awa 2 ta ishi dubban mutane su yi tafiyar ƙafa zuwa tudu. Amma Tailan da Indonesiya suna ciki, kuma hakan bai tsinana musu komai ba a gaɓarsu ta yamma. Sa hannu a takarda daban, shiga tsari daban.

A gidan wa za a ajiye cibiya?

Wata guda bayan bala'in, a ƙarshen Janairun 2005, ministoci suka taru a Phuket ta Tailan. Kowa ya yarda ana buƙatar tsarin gargaɗi. Tailan ta nemi a yi cibiya guda ta yanki a Bankok. Indiya da Indonesiya suka ƙi, kowacce tana ganin ita ta fi cancanta, ko kuma dai ba za ta jira wata ƙasa ta gaya mata lokacin da za ta kwashe mutanenta ba. Aka tashi a kan cewa kowa ya gina tasa cibiyar, a haɗa su kamar sarƙa.

Indiya ta buɗe tata a Haidarabad a 2007. Indonesiya ta ƙaddamar da tata a 2008 da taimakon Jamus. Ostireliya ma ta kafa tata. Sai a Oktoban 2011 waɗannan uku suka fara aikin aika hasashe ga dukan yankin, kuma har zuwa 2013 cibiyar Hawai da hukumar yanayi ta Japan ne ke riƙon ƙwarya.

Ana yawan kawo wannan a matsayin misalin girman kai, kuma akwai girman kan a ciki. Indiya, wadda ta ƙi karɓar agajin gwamnatocin waje bayan tsunamin tana mai cewa za ta iya da kanta, tana son a gan ta a matsayin jagorar yankin. Amma ni ina ganin sulhun da aka yi ya fi cibiya guda amfani. In girgiza ta katse wuta ko sadarwa a Jakarta, akwai biyu da suka rage. Sannan Pakistan ba sai ta dogara da saƙon da ya fito daga Indiya kaɗai ba, tana samun na Ostireliya da na Indonesiya. Da an tilasta cibiya guda, da wasu ƙasashen sun tsaya a bakin ƙofa. Kuɗin da aka biya shi ne jinkiri na shekaru, da kuma hasashe uku da ba lallai su zo ɗaya ba a ranar da ake buƙatar magana guda.

Bayanan da soja ke kishi

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mutane suka fi kasa fahimta, don a ido ba a ga abin ɓoyewa a cikin motsin ƙasa da tashin ruwa ba.

Na'urar da ke jin girgizar ƙasa ita ce ke jin gwajin makamin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa. Ba ta zaɓe. In ƙasa ta buɗe tasharta tana aika bayani kai tsaye daƙiƙa bayan daƙiƙa, to duk abin da ya fashe a yankin ya shiga kunnen duniya. Indiya ta yi gwaji a 1974 da 1998, Pakistan ta mayar da martani a 1998, kuma su biyun ba su sa hannu a yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta 1996 ba. Shi ya sa a tattaunawar da ta biyo bayan 2004 Indiya ta noƙe kan buɗe tashoshinta kai tsaye, ko da yake ta yarda ta riƙa sanar da manyan girgiza. Daga baya ta sassauta. Matsalar ita ce, a wannan aiki bayanin da ya makara da minti 10 ya zama na masu bincike, ba na masu ceto ba.

Abin mamaki, akasin haka ma ya faru. Hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar haramta gwajin, mai hedkwata a Biyana, tana da tashoshi fiye da 300 a faɗin duniya, masu aika bayani ba dare ba rana. A 2004 sun ji girgizar Sumatra, amma ƙa'ida ta ce bayanansu na gwamnatocin da suka sa hannu ne, don aikin sa ido kan makamai. Sai da aka yi muhawara kafin a 2006 aka amince a riƙa bai wa cibiyoyin tsunami. Yau ƙasashe wajen 20 na da irin wannan yarjejeniya da hukumar. Wanda bai sa hannu a babbar yarjejeniyar ba kuwa, wannan ƙofa ba a buɗe take gare shi kai tsaye ba.

Na biyu shi ne taswirar ƙasan teku. Ba za a iya hasashen inda ruwa zai kai a cikin gari ba sai an san zurfin teku dalla-dalla a kusa da gaɓa, da kwazazzabai da tuddan da ke ƙarƙashin ruwa. Wannan taswirar ita ce kuma jirgin yaƙi mai nutso ke buƙata don ya ɓuya, ita mai shirin sauke sojoji a gaɓa ke nema. A ƙasashe da dama ma'aunan tashin ruwa da taswirar gaɓa suna hannun sojan ruwa ne, ba hukumar yanayi ba, kuma soja bai saba raba abin da ke aljihunsa ba.

Na uku shi ne dasa na'ura a ruwan wani. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa iko kan binciken kimiyya a cikin mil 200 daga gaɓarta. Wanda zai ajiye gora ko ya auna ƙasan teku a nan sai ya nemi izini, kuma mai ba da izinin yana tambayar kansa: wannan na'urar igiyar ruwa kawai take saurare, ko har da ƙarar jiragena? Siri Lanka ta ɗanɗana wannan. Bayan Indiya ta yi ta ƙorafi kan jiragen binciken Sin da ke yada zango a tashoshinta, sai ta dakatar da shigar jiragen bincike na ƙasashen waje na shekara guda daga farkon 2024. Ba don tsunami aka yi dokar ba, amma irin wannan yanayin na zargi shi ne masana teku ke aiki a cikinsa.

Shin tsoron na da tushe? Wani ɓangarensa na da shi. Taswirar gaɓa mai zurfin bayani sirri ce ta gaske, kuma ana iya barin ta a gida, ƙasa ta yi nata lissafin ta fitar da sakamako kawai. Amma ma'aunin da ke cewa ruwa ya hau da santimita 40 a wata tashar masunta ba ya tona asirin kowa. Yawancin abin da ake riƙewa, al'adar ofis ce ke riƙe shi. Jami'in da ya saki bayani yana iya shan tambaya, wanda ya ƙi saki ba mai tambayarsa.

Idan taswira ta zama hujja

Kowace cibiya na da yankin da take hidima, kuma yanki sai an zana shi a taswira. A wuraren da ake rikicin iyaka, zana layi magana ce.

Ranar 1 ga Janairun 2024, bayan girgizar yankin Noto na Japan, hukumar yanayi ta Japan ta fitar da taswirar gargaɗi wadda ta haɗa da tsibiran da Japan ke kira Takeshima, Koriya ta Kudu kuma ke kira Dokdo take kuma riƙe da su. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta shigar da ƙorafi ta hanyar diflomasiyya. Ana tsakiyar ciro mutane daga ɓaraguzai ne.

Tekun Kudancin Sin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai wani dogon rami a ƙasan teku yamma da tsibirin Luzon na Filifin, ramin Manila, wanda masana ke ganin zai iya haifar da babbar tsunami da za ta taɓa Filifin, Taiwan, kudancin Sin da Biyetnam. Cibiyar da ke hidimar yankin tana Beijin, ta fara cikakken aiki a Nuwamban 2019, tana aika hasashe ga ƙasashe 9. Daga cikinsu akwai Filifin da Biyetnam da Malesiya, waɗanda ke jayayya da Sin kan mallakar wannan ruwan. Kotun sasanci ta Hague ta yanke hukunci a 2016 cewa iƙirarin Sin ba shi da tushe a dokar teku, Sin ta yi watsi da hukuncin. A irin wannan ruwa, gorar da wata ƙasa ta dasa tana iya zama tamkar tuta, kuma neman izini wurin wani tamkar amincewa ne cewa ruwan nasa ne. To wa za a tambaya?

Taiwan kuma tata matsalar daban ce. Tana kan ɗaya daga cikin wuraren da ƙasa ta fi motsi a duniya, tana da na'urori masu kyau da ƙwararru, amma tun 1971 ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka ba ta zama a teburin da ake tsara ƙa'idojin. Bayanai na gudana ta hanyar alaƙar masana da yarjejeniyoyin gefe. A Afrilun 2024 girgizar Hualien da ke Taiwan ta sa Japan da Filifin suka fitar da gargaɗin tsunami, wato ƙasan da ya motsa yana wurin wanda ba mamba ba.

A yankin Bahar Rum da arewa maso gabashin Atlantika cibiyoyi biyar ne aka amince da su, a Faransa, Italiya, Girka, Turkiyya da Fotugal, duk a ɓangaren arewa. Ma'aunan ruwa masu aika bayani kai tsaye ma sun fi yawa a can, gaɓar Afirka ta Arewa na da giɓi mai faɗi. Libiya ta sha yaƙi tun 2011, Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko a 2021. Ga shi teku ne ƙarami. Girgizar Boumerdès ta Aljeriya a 2003 ta aika igiyar da ta farfasa kwale-kwale a tsibiran Baleyarik na Sifen cikin kusan awa guda. A 2022 UNESCO ta ce yiwuwar a ga igiyar da ta haura mita 1 a Bahar Rum cikin shekara 30 masu zuwa ta kusa ɗari bisa ɗari.

Makran, inda aka fi jin tsoro

In aka tambaye ni inda siyasa da haɗari suka fi haɗuwa, zan nuna gaɓar Makran, wadda ta miƙe daga kudancin Iran zuwa Pakistan. A Nuwamban 1945 girgiza mai maki 8.1 a nan ta tayar da igiyar da ta kashe ɗaruruwan mutane aƙalla, ta kai har Karaci da Mumbai da Oman. Yau garuruwan gaɓar sun cika sun batse. Gwadar ta Pakistan ta zama tashar da Sin ta zuba wa kuɗi, Cabahar kuma ta Iran Indiya ce ta sa hannun jari a cikinta, kusan don gasa da Gwadar ɗin.

Idan Makran ta sake motsi, garuruwan kusa na da abin da bai wuce minti 20 zuwa 30 ba. Kafin a auna girgizar daidai ana buƙatar tashoshi daga kowane ɓangare, na Iran, na Pakistan, na Oman, na Indiya. Iran na ƙarƙashin takunkumin da ke wahalar da sayen kayan aiki da tura kuɗi. Indiya da Pakistan sun yi musayar wuta a Mayun 2025, kuma kafin nan, a Afrilu, Indiya ta jingine yarjejeniyar ruwan kogin Indus ta 1960, wadda musayar bayanan ruwa ke cikin tanadinta. Wannan ba batun teku ba ne, amma ya nuna wa kowa cewa bayanin ruwa ma yana iya zama abin garkuwa in rai ya ɓaci. Oman ta buɗe cibiyar gargaɗinta a 2015, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta haɗa masanan waɗannan ƙasashe a teburi guda. Masanan kan fahimci juna da wuri. Izinin da suke jira daga sama ne ke daɗewa.

Wa zai biya bayan an gama biki?

Kafa na'ura na zuwa da yankan ƙyalle da hotuna, gyaranta ba ya zuwa da komai. Bayan 2004 ƙasashe masu ba da taimako sun yi rige-rigen ba da gorori. Indonesiya ta samu 22. Bayan tsunamin Palu na Satumban 2018, wanda tare da girgizar ya kashe fiye da mutum 4,000, kakakin hukumar bala'o'i ta ƙasar, Sutopo Purwo Nugroho, ya fito ya ce tun 2012 babu gora ko ɗaya da ke aiki. An yi musu riƙon sakainar kashi, babu kuɗin gyara, wasu an kwance musu kaya, wasu masunta sun mayar da su turken ɗaure jirgi saboda kifi na taruwa a ƙarƙashinsu. Gaskiya dai ko suna aiki da wuya su ceci Palu, don ruwan ya iso cikin mintuna. Amma gorar da ta mutu a ruwan Indonesiya makanta ce ga Siri Lanka da Maldibs ma.

Dogaro da mai kuɗi guda shi ma haɗari ne. Cibiyar Hawai ce ke hidimar yawancin Fasifik da kuma Karibiyan, har da Kuba da Benezuwela. Amurka ta fice daga UNESCO a 1984, ta dawo a 2003, ta daina biyan kuɗi a 2011 bayan an karɓi Falasɗinu, ta fice a ƙarshen 2018, ta dawo a 2023, sannan a Yulin 2025 ta sake sanar da ficewa. A ficewar baya ta ci gaba da zama a hukumar tekun, gargaɗi kuma bai tsaya ba. Duk da haka ƙaramar ƙasar tsibiri da ba ta da tata na'urar tana kallon kasafin kuɗin wata ƙasa kamar yadda manomi ke kallon sama.

Shingen da ke cikin gida

Ko gargaɗi ya iso lafiya, sai wani jami'i ya yanke shawara, kuma shi gaba kura ne baya sayaki. In ya ce a gudu ruwa bai zo ba, an rufe tashoshi da otal-otal a banza. Kwashe jama'ar da aka yi a Hawai a 1986 saboda igiyar da ta zo 'yar ƙarama ya jawo asarar da aka ƙiyasta da gomman miliyoyin daloli. In ya yi shiru ruwa ya zo, to sunansa ne za a kira.

A Tailan, Smith Dharmasaroja, tsohon shugaban hukumar yanayi, ya yi gargaɗi tun 1998 cewa tsunami na iya afka wa gaɓar Phuket. Aka yi masa ca, cewa zai kashe harkar yawon buɗe ido. Bayan 2004 gwamnati ta nemo shi ta ɗora shi kan aikin kafa cibiyar gargaɗi. A Cile, ranar 27 ga Fabrairun 2010, cibiyar Hawai ta aika gargaɗi bayan girgiza mai maki 8.8, amma ofishin sojan ruwan ƙasar ya janye nasa gargaɗin da wuri, aka samu ruɗani tsakaninsa da hukumar agajin gaggawa. Ruwa ya kashe fiye da mutum 150, daga baya aka gurfanar da jami'ai. Cile na cikin tsarin tun farkonsa, ba abin da ta rasa daga waje.

Tun Oktoban 2014 cibiyar Hawai ta daina sanya wasu ƙasashe cikin matakin gargaɗi da bakinta. Tana aika hasashen tsayin igiya da lokacin isowa, kowace ƙasa ta yanke hukunci. Wannan ya mutunta ikon ƙasashe, ya kuma rage kwashe mutane ba dalili. Amma ya ɗora nauyin a kan ofishin da ƙila mutum ɗaya ne ke gadi da tsakar dare.

Inda babu gwamnati kuma babu mai karɓar saƙon. A 2004 Kenya ta samu labari ta kori mutane daga bakin teku, mutum ɗaya ta rasa. Somaliya, wadda ba ta da gwamnatin tsakiya mai aiki, ta rasa kusan 300, galibi a gaɓar arewa maso gabashin ƙasar, bayan awa 7 da duniya ta san abin da ke tafe.

Abin da ya shafi mutumin bakin teku

Ga mai kamun kifi ko mai sayar da kaya a gaɓa, duk wannan ja-in-ja yana komawa ne ga mintuna. In girgizar ta yi nisa, haɗin kan ƙasashe shi ne kusan komai, don shi ba zai ji motsin ƙasa ba, ba abin da zai gaya masa sai saƙo. In ta yi kusa, saƙon kan zo a makare ko da kowa ya buɗe na'urarsa. A tsibirin Simeulue na Indonesiya, dab da inda girgizar 2004 ta auku, mutum 7 kacal suka mutu cikin kusan 78,000, saboda tun tsunamin 1907 iyaye ke gaya wa 'ya'ya cewa in ƙasa ta girgiza teku ya janye, a hau tudu. Suna kiran abin smong. Amma ko a nan haɗin kai na da aiki, sai dai aikinsa kafin ranar ne: taswirar inda ruwa zai kai, hanyar gudu, atisaye. Waɗannan duka suna buƙatar bayanan da ake rowa.

Akwai kuma igiyar da tsarin bai iya gani sosai ba. A Disamban 2018 gefen dutse mai aman wuta na Anak Krakatau a Indonesiya ya zame cikin teku, ruwa ya kashe fiye da mutum 400 ba tare da gargaɗi ba, don babu babbar girgizar da za ta tayar da na'urori. A Janairun 2022 aman wutar Tonga ya aika igiya har Peru, ya kuma tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin teku da ke haɗa ƙasar da duniya. Maganin irin wannan shi ne a ƙara na'urori a ƙasan teku, kusa da gaɓa, wato daidai inda ƙasashe suka fi kishi.

Dabarar da ake magana a kanta yanzu ita ce a riƙa saka na'urorin auna girgiza da nauyin ruwa a jikin wayoyin intanet da ake shimfiɗawa a ƙasan teku, tunda dama za a shimfiɗa su. Japan ta riga ta yi nata shimfiɗin na musamman, mai tashoshi 150 a gabashin gaɓarta, bayan bala'in 2011. Kamfanonin waya kuwa suna ɗari-ɗari, don da zarar waya ta fara auna teku, wata ƙasa na iya cewa wannan bincike ne, sai an nemi izini, ko ma ta ce leƙen asiri ne. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan farko na irin wannan waya shi ne na Fotugal, wanda zai haɗa babban yankin ƙasar da tsibiran Azores da Madeira, kuma duk wuraren ukun da wayar za ta sauka ƙarƙashin gwamnati guda suke.